Sajan, Mushe da Izinin Riƙe Bindiga a Teku

Na sauka Dubai a ƙarshen shekarar 2016, lokacin da zafi ya ɗan lafa. Wani ƙanin mahaifiyata ne ya samo mini aiki a ofishin kago a Deira, inda muke karɓar kayan 'yan kasuwa mu auna, mu ɗaure, mu tura Kano ko Legas. Wurin kwana kuwa a Muraqqabat na samu, a wani fulat da aka yanka falonsa da katako aka mai da shi ɗakuna. Ɗakinmu gadaje biyu ne masu hawa biyu. Ni ina sama ta wajen taga. Ɗaya gadon na sama baƙi ne ke zuwa suna tafiya a kansa, har ban riƙe fuskar kowa ba. Na ƙasa biyun su ne na mutanen da nake son ba da labarinsu.

Na farko mutumin Damagaram ne, dogo siriri mai tabarau, ya ba hamsin baya. 'Yan Nijar suna kiransa Mushe, yadda suke kiran malamin boko a can. Ranar da na fara ji sai da dariya ta ƙwace mini, don a wajenmu mushe dabbar da ta mutu ba a yanka ba ce. Ya dube ni ta saman tabarau ya ce ya san abin da ya ba ni dariya, duk ɗan Najeriya sai ya yi ta, in na gama in sauko mu sha shayi. Ya daɗe yana koyar da tarihi a makarantar sakandare, sai iyali suka yi yawa, albashi bai ƙaru ba. Wani surukinsa mai shagon turare da yadi a Deira yana neman mai jin Faransanci saboda masu saye daga Mali da Chadi da Kamaru, shi ne ya ajiye alli ya taho.

Na biyun Kirista ne daga kudancin Kaduna, wajen Kafanchan, kakkaura mai ƙaramar murya. Tsohon sojan ruwa ne. Ya sha gaya mana babu muƙamin sajan a sojan ruwa, amma sunan ya riga ya bi shi, kowa Sajan yake ce masa. Bayan ya bar aiki wani kamfani ya ɗauke shi gadin jiragen ruwa. Idan babban jirgin kaya zai ratsa tekun da 'yan fashi ke tare hanya, ta wajen Somaliya da Yemen, sai masu jirgin su yi hayar masu gadi uku ko huɗu da bindigogi. Su Sajan sukan tashi daga Fujaira a ƙaramin jirgi, su karɓi makamai a wani jirgi da ke tsaye can tsakiyar teku, su hau jirgin kayan, su raka shi har ya fita daga wurin haɗari. Wani lokaci ya yi wata biyu ba mu gan shi ba, sai ya dawo baƙi ƙirin, leɓe a tsattsage, ya kwana biyu yana barci.

A lokacin Juma'a ce ranar hutu. Sajan yakan tafi coci da safe, mu kuma mu tafi masallaci da rana, sannan mu haɗu a wani gidan abincin Pakistan mu ci shinkafa. In rana ta yi sanyi sai mu gangara bakin ruwan da ya raba Deira da Bur Dubai, inda manyan jiragen katako ke lodin firji da tayoyi da buhunan shinkafa. A nan ne wata rana na tambayi Mushe wani tsohon littafin Faransanci da nake gani a ƙarƙashin filonsa, mai hoton jirgin ruwa na zamanin da a bangonsa.

Ya ce tun yana jami'a a Yamai ya fara bincike a kan wasu mutane da ake ce wa korser, bai kuwa gama ba har yau.

Sajan ya ce, "Mushe, ƙasarku ko bakin teku ba ta da shi. Me ya haɗa ka da jirgin ruwa?"

Mushe ya ce, da ɗan Faransancinsa, "Bon, shi ya sa. Wanda ya tashi a bakin ruwa ruwa kawai yake gani. Ni kuwa da na ji akwai zamanin da sarki ke ba mutum takarda ya je ya ƙwace jirgin wani, kuma a ce ba sata ba ce, sai na kasa barin maganar."

Na ce masa ban gane ba, sata ai sata ce. Ya gyara zama, na ga malamin da ke cikinsa ya farka.

Ya ce shekaru ɗari uku zuwa ɗari huɗu da suka wuce sarakunan Turai kullum cikin yaƙi suke da juna, jiragen yaƙi kuwa tsada gare su. Sai suka buɗe ƙofa ga attajirai. Mai jirgi zai je ofishin shugaban sojan ruwa na garinsu, ya faɗi sunan jirginsa da girmansa, da yawan igwar da ke ciki, da sunan kyaftin, da yawan mutanensa. Sai ya kawo masu tsaya masa, mutane masu dukiya da za a kama in ya yi ɓarna. Sannan a ba shi takardar izini mai hatimi, a rubuta ƙasar da aka yarda ya far wa jiragenta, da iyakar lokacin da izinin zai yi aiki.

"Kada ka ɗauka da ya kama jirgi shi ke nan ya samu," in ji Mushe. "Ba a yarda ya buɗe kayan ba. Rufe su zai yi, ya jawo jirgin har tashar ƙasarsu, tare da takardun jirgin da wasu daga cikin mutanen da ya kama, don su ba da shaida. Akwai kotu ta musamman a kan wannan kawai. Alƙali zai duba, jirgin nan na abokan gaba ne, ko na wata ƙasa ce da ba ruwanta da yaƙin? An kama shi kafin a yi sulhu ko bayan an yi? In ya halatta sai a sayar, hukuma ta cire kasonta, masu jirgi su cire nasu, sauran a raba wa ma'aikata. In bai halatta ba a mayar wa mai shi, a ci tarar masu tsayawar nan."

Na ce, "To in abokan gaba suka kama shi fa?"

"In yana da takardarsa, fursunan yaƙi ne, za a tsare shi har a yi musaya. In ba shi da ita, igiya ce, rataye shi za a yi. Mutum ɗaya, jirgi ɗaya, aiki ɗaya. Wani ma yana can tsakiyar teku sarakuna sun yi sulhu bai ji ba, ya kamo jirgi ya dawo da murna, ya tarar shari'a ke jiransa."

Daga nan ya juya ya nuna Sajan da kofin shayinsa ya ce ga korser nan zaune tare da mu.

Sajan bai ji daɗin maganar ba. Ya ce shi ba ɗan fashi ba ne, 'yan fashi yake kora. Ya ce kowace bindiga da suke riƙewa tana da lamba, tana da takardar ƙasar da jirgin ke ɗauke da tutarta, kuma an faɗi inda za a fito da ita da inda dole a kulle ta. Ba su da ikon harbi sai kyaftin ya yarda, sai an yi gargaɗi da fitila da lasifika, sai an harba sama. Ba sa bin kowa, in ƙaramin jirgi ya juya sun gama da shi.

"Mutanenka an ba su izinin ɗauka," ya ce. "Mu izinin hanawa aka ba mu. Kada ka haɗa mu."

Mushe ya ce, "Na yarda, Sajan, ka yi haƙuri. Abin da ya haɗa ku ɗaya ne kawai. Hukuma ta ga aiki ya fi ƙarfin jiragenta, ta miƙa wa ɗan kasuwa bindiga, ta ce ga sharuɗɗa. Ɗan kasuwan kuma ya ɗauko irinka ya sa a jirgi, shi yana zaune a ofis."

Sajan ya ce wannan kam gaskiya ne, bai taɓa ganin mai kamfaninsu ya jiƙe da ruwan gishiri ba.

Daga ranar wannan hira ta zama abincinmu na Juma'a. Mushe ya ba da labarin da, Sajan ya gyara masa abin da bai sani ba na ruwa, yadda jirgi ke juyawa, da nisan da ido ke iya hangowa, da abin da ƙishirwa ke yi wa mutum. A bakin Mushe na fara jin cewa wannan gaɓar da muke zaune a kai Turawan Ingila sun taɓa kiranta gaɓar 'yan fashi, alhali mutanen wurin suna cewa ruwansu da cinikinsu suke karewa. Abin dariyar shi ne Mushe tsoron ruwa yake yi. In zai tsallaka Bur Dubai sai ya zagaya ta jirgin ƙasa na metiro, bai taɓa hawa abra ba, ƙaramin kwalekwalen injin nan da kowa ke hawa. Wata Juma'a Sajan ya riƙe hannunsa ya ce yalla, wato mu je a Larabcin garin, yau sai ya hau. Mushe ya zauna a tsakiya ya ƙanƙame katako yana ta salati, ga 'yan Indiya da yaransu suna kallonsa. Da muka sauka ya gyara hularsa ya ce yanzu ya fi fahimtar abin da ya karanta, amma halas, shi ke nan in ji Larabawa, ba zai ƙara ba.

A shekarar 2018, bayan ƙaramar salla, Sajan ya ɗauki jakarsa ya tafi aiki kamar kullum. Mun saba da daɗewarsa, don haka ba mu damu ba. Wata rana da azahar ina ofis Mushe ya shigo, abin da bai taɓa yi ba. Ya ce matar Sajan ta kira shi daga Kafanchan, don lambarsa mijin ya bar mata saboda irin wannan rana. An kama Sajan da abokan aikinsa.

Daga baya muka haɗa labarin. Sun gama raka wani jirgi, suna cikin ƙaramin jirgin kamfani da makamansu suna jiran wani aikin, sai inji ya lalace. Igiyar ruwa ta yi ta jansu har cikin ruwan wata ƙasa da ba zan ambata ba. Masu tsaron gaɓa suka zo, suka ga bindigogi, suka nemi takardu. Da aka duba, izinin da kamfanin ke riƙe da makaman da shi ya daɗe da ƙarewa, ba a sabunta ba, masu gadin kuwa ba wanda ya sani, don ba su ke riƙe da wannan ba. Jaridun can suka buga hotonsu a durƙushe aka ce an kama 'yan fashin teku. Na ga hoton a waya. Sajan yana gefe, kansa a sunkuye, sanye da rigar da nake ganin yana shanyawa a tagarmu.

Ni da Mushe muka nemi ofishin kamfanin a wani dogon bene. Wata mata a ƙofa ta ce manaja ya yi tafiya, mu dawo. Muka koma, ta ce bai dawo ba. Zuwa na uku ƙofar a kulle take, an cire allon sunan.

Mutanen cocin su Sajan ne suka tsaya. Akwai wani dattijo daga Jos mai gyaran na'urar sanyaya ɗaki, shi ne kamar uban Hausawan cocin. Shi ya samo wata ƙungiyar agaji mai taimakon ma'aikatan ruwa, su kuma suka samo lauya a can ƙasar, mace. Aka ce a kawo duk abin da zai nuna wane ne Sajan. Mushe ya buɗe akwatin Sajan a gabana ya ciro takardar sallamarsa daga soja da ta horon da ya yi, muka kai har harabar cocin. Ina tuna Mushe zaune da hularsa da carbinsa a tsakiyarsu, ana magana da lauyar ta waya, dattijon yana fassara masa Turancin da ya yi masa sauri. Can ya ɗaga hannu kamar ɗalibi ya ce a gaya mata, ko a kotunan da, akan raba tsakanin wanda ya nemi izini da talakan da aka ɗauka aiki, wanda ya hau jirgi da zuciya ɗaya. Lauyar ta saurara har ya gama, ta ce ta gode, ita ma a kan wannan za ta tsaya, sai dai mu sani shari'ar makamai a can ba ta sauri. Haka kuwa aka yi. An hana su beli, aka yi ta ɗage zama.

Mai fulat ya ce gado ba zai zauna babu kowa ba, ya sa wani ɗan Ghana. Mushe ya tura akwatin Sajan ƙarƙashin nasa gadon, ya ɗora nasa kayan a ƙafafunsa yana kwana a takure.

Abin da ya ɗaukar wa kansa shi ne kiran matar. Duk Juma'a bayan la'asar, a daidai lokacin da muke zama bakin ruwa, sai ya kira ta ya gaya mata abin da aka ji daga lauya. In ba a ji komai ba ya gaya mata ba a ji ba, bai taɓa yi mata ƙari ba. Yakan bi da ita a hankali, mene ne ɗage zama, me ya sa aka koma wata kotu, kamar yadda na tabbata yake bi da yara a aji. Ita malamar asibiti ce, tana ce masa Malam, shi kuma yana ce mata Madam. Wata rana ya sa wayar a fili don in gaishe ta, sai na ji muryarta ta canja.

Ta ce, "Malam, ina so in tambaye ka abu, ka gaya mini tsakaninka da Allah. A kasuwa in na wuce sai a yi shiru. An ce wa 'yata a makaranta ubanta ɗan fashi ne. Ni ban taɓa ganin teku ba, ban san abin da ake yi a can ba. Aikin nan da yake yi, aikin gaskiya ne?"

Mushe ya cire tabaransa ya riƙe a hannu.

Ya ce, "Madam, ni na kwana ɗaki ɗaya da mijinki. Na taɓa tsokanarsa na haɗa shi da masu ƙwace, ya yi fushi da ni har sai da na ba shi haƙuri. Aikinsa ya tsaya a kan jirgin mutane don kada a sace su. Akwai takardar da ta wajaba wasu su sabunta, ba su sabunta ba, shi ke nan abin da ya faru. Ranar da takardar ke aiki da ranar da ta mutu, abu ɗaya mijinki yake yi. Ki gaya wa yarinyar haka. In ba ta gane ba ki ba ni ita in gaya mata."

Ta ba shi yarinyar kuwa. Ya yi mata bayani da misalin mai gadin makarantarsu, har na ji ta yi dariya a kan wata kalma da ya faɗa da Hausar Nijar.

A wannan tsakanin Mushe ya daina ba da labarin korser. Na ɗauka rashin abokin gardama ne. Da na tambaye shi sai ya ce a duk abin da ya karanta sunayen masu jirgi ya gani, da na kyaftin, da na alƙalai, da yawan sukari da barkonon da aka kama. Shekara da shekaru yana jin daɗin yadda aka tsara dokar, kowane abu da gurbinsa. Bai taɓa tsayawa ya tambayi kansa wa ke jiran sauran mutanen a gida ba, ko me ake ce wa 'ya'yansu a unguwa.

Sai wajen ƙarshen 2019 babbar kotu ta ce masu gadin ba su da laifi, nauyin izini a kan kamfani yake. Dattijon Jos ne ya kira ni ina tsakiyar auna kaya, na bar ma'aunin na tafi shagon su Mushe da ƙafa. Na same shi yana nuna wa wata mata 'yar Mali turare. Da na gaya masa sai ya ajiye kwalbar a hankali, ya ce wa matar ta yi masa uzuri, ya shiga bayan shagon. Ya ɗan jima kafin ya fito.

Sajan ya wuce gida kai tsaye, ya yi Kirsimeti da iyalinsa. A farkon 2020 ya dawo Dubai da bizar ziyara, don an yi masa alkawarin aikin gadi a wani rumbun kaya a Warsan, a kan tudu, ba ruwa. Da na gan shi a filin jirgi sai da na sake dubawa. Ya rame, haƙoransa biyu na gefe babu, kuma ya koyi tsayawa a bakin ƙofa yana jira sai an ce ya shiga. Shi da Mushe suka riƙe hannun juna. Daga baya Sajan ya ce, "Madam ta ce in gaishe da Malaminta." Gadon sama na kusa da ni babu kowa a lokacin, shi ya hau.

Bai fara aikin ba korona ta shigo, aka rufe gari. Rumbun ya ce a dakata, jirage suka daina tashi. Aka kai lokacin da ko kanti za ka je sai ka nemi izini ta waya. Mu huɗu muka zauna a ɗaki ɗaya, da ɗan Ghanan nan, ba aiki ba fita. Azumi ya same mu a haka. Sajan ne ya karɓi girki, ya ce tunda shi ba ya azumi shi zai iya ɗanɗana gishiri. Yakan yi mana faten wake ko shinkafa da miyar gyaɗa, kuma ba ya cin nasa a gabanmu sai an kira salla.

Wata rana da hantsi, muna kwance kowa yana kallon silin, sai ya ce, "Mushe, mutanen nan naka. In yaƙi ya ƙare aka karɓe takardun, ina suke zuwa?"

Mushe ya daɗe bai taɓa maganar ba, amma ya amsa. Ya ce wasu sukan koma su, wasu su shiga jiragen fatake. Wasu kuma ba su iya komai ba sai abin da aka koya musu, sai su ci gaba babu takarda, hukumar da ta ba su izini jiya ita ke farautarsu yau. Wani lokaci in sun yi yawa sarki ya yi shelar afuwa ga duk wanda ya miƙa wuya.

Sajan ya ce ya tambaya ne saboda wani mutum da ya zauna da shi a kurkuku. Shi ɗan fashin gaske ne, an kama shi a teku an yanke masa shekaru masu yawa. Da farko Sajan ko kallonsa ba ya yi, don irinsa yake tsayawa da bindiga yana jira. Sai zazzaɓi da gudawa suka kwantar da Sajan, har ba ya iya tashi. Mutumin nan ne ya riƙa ɗaga shi, yana jiƙa tsumma yana goge masa jiki, yana ajiye masa rabin shayinsa. Da ɗan Larabcin da kowannensu ya tsinta suke magana. Ya gaya wa Sajan shi masunci ne tun kakanni. Manyan jiragen wasu ƙasashe suka riƙa shigowa suna kwashe kifi suna yanke musu koma, babu gwamnatin da za a kai wa ƙara. Dattawan garinsu suka taru suka ce samari su fita su kori jiragen, a karɓi tara a hannun wanda aka kama. Haka abin ya fara. Daga baya masu kuɗi suka shigo, aka bar korar masu satar kifi aka koma kama kowa.

"Ya ce mini shi ma da izini ya fara fita," in ji Sajan. "Na ce masa izinin wa? Ya ce na waɗanda suka haife shi. Ban ce ya yi daidai ba, Mushe. Na ga mutanen da irinsu suka tsare, na san abin da aka yi musu. Amma da na haɗu da shi a ruwa da na harbe shi, ko shi ya harbe ni, kuma shi ne ya wanke mini jiki. A littafinka, me za a kira shi?"

Mushe ya ce a littafinsa ɗan fashi ne, babu ko tantama, don alƙalan wancan zamani ba sa karɓar izini sai na sarkin da sauran sarakuna suka yarda sarki ne. Ya ce wannan ita ce amsar littafi, ita kaɗai ya sani. Sajan ya gyaɗa kai, ya sauka ya tafi jiƙa wake.

Da aka fara jigilar 'yan Najeriya da suka maƙale zuwa gida, Sajan ya sa sunansa. Ya ce ya gaji da jiran alkawari, gonar mahaifinsa tana nan, citta kuma tana kuɗi. Ba a bari a raka mutum cikin filin jirgi a lokacin, don haka a bakin titi muka yi sallama, kowa da takunkumi a fuska. Ya ce mini, "Ƙanena, ka kula da tsohon nan, ba ya cin abinci in ba a sa shi gaba ba."

Shagon turaren bai farfaɗo ba bayan korona. A tsakiyar 2021 Mushe ya haɗa kayansa ya koma Damagaram, wata makaranta mai zaman kanta ta ɗauke shi. Kafin ya tafi mu biyu da dattijon Jos muka haɗa hannu muka sayi ƙaramin injin ban ruwa a Deira, na ɗaure shi da kaina na sa a kwantenar da za ta Legas, daga can a ɗora shi a mota zuwa Kafanchan. Ya daɗe a hanya har na fara jin kunyar ɗaukar waya. Ranar da ya isa Madam ce ta kira, ta ce inji ya zo lafiya sai dai tiyo ɗaya babu, mai gidan kuma ya tafi kasuwa neman irinsa tun safe, ta ce in ya dawo zai kira ni da kansa.